Almakashi a Bayan Muryar Shugaba

Matarsa ce ta fara jin ƙarar. Ta zungure shi da gwiwar hannu cikin duhu ta ce, "Malam, tashi ka ji. Ɓeraye na gardama a sama."

Aku ya kasa kunne. Ba gudun ɓera ba ne. Magana ce, siririya ƙwarai, mai sauri, kamar an kama mutane an cusa su cikin kwalba suna faɗa. Sai wani abu ya yi ƙas, ta tsaya. Can kuma wata murya mai kauri ta taso a hankali, tana jan kalmomi ciki maimakon ta fito da su, kamar mai haɗiye abin da ya riga ya faɗa.

"Baƙon nan ne da ya kama hayar ɗakin sama," in ji Aku. "Kwanta."

"Shi kaɗai ya hau, a kan idona. To da su wa yake hira?"

Shi abin sha'awa ya ba shi. Ya kwanta yana gwada muryar a ƙasan maƙogwaro, har ta ce in bai bari ba za ta koma shago ta kwana a kujerar aski.

Mai aski ne, amma tun yana yaro ba a kiransa sai Aku, domin duk muryar da ta shiga kunnensa ta zama tasa. Yakan yi mai tallar gawayi. Yakan yi surukarsa, har matarsa ta fito da gudu tana gyara ɗankwali. Wadda aka fi so dai ita ce ta Shugaba. A lokacin ba a daɗe da sauke tutar 'yan mulkin mallaka ba, kuma Shugaba yana yawan magana a rediyo. Zai fara da ɗan tari, ya ce "'Yan'uwana", ya yi shiru kamar ya manta abin da ya kawo shi, sannan ya ci gaba. Aku yana yin shi da tarin da shirun duka.

Sai dai muryar ba ta zuwa sai da almakashi a hannunsa. Kowane mai aski da irin ɗabi'arsa, shi tasa ita ce kaɗa almakashi a iska sau biyu tsakanin magana da magana, ko da babu gashi a bakinsa. Tsohon almakashi ne. Da ƙusarsa ta faɗi, maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya cire wata daga mataccen agogon bango ya sa masa. Tun ranar, duk lokacin da almakashin ya rufe baki sai a ji wata 'yar ƙara a baya, kamar an taɓa kofin gilashi da farce. Ƙas-ƙas, tin.

Ido Uku ake kiran mai agogon, saboda gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Bango ɗaya ne tsakanin shagunansu, bango ɗaya tsakanin ɗakunan kwanansu, kuma sun tsufa suna tsokanar juna ta cikinsa.

"Kai ɓarawon murya!" Haka Ido Uku yake gaishe shi da safe. "Yau ta wa ka sato?"

"Taka na so in sata, sai na tarar duk tsatsa ce."

"Ka dai riƙa yi wa almakashin nan mai. Ɗana ne. Ko a tsakiyar kasuwa ya yi kuka zan gane shi."

Ɗansa na cikinsa kuwa guda ɗaya ne, uwarsa ta rasu tun yana goye. Ya girma ya shiga soja, ya zama kofur cikin masu gadin gidan gwamnati da ke kan tudu. Duk ranar hutunsa sai ya zo Aku ya rage masa gashi, a kujerar da a da sai an ɗora masa katako kafin kansa ya kai madubi.

Washegarin daren ƙarar, baƙon ya sauko aski. Mutumin ƙetare ne, dogo, mai sanyin hali, yana jin harshen garin tsaf kamar wanda ya wanke kowace kalma kafin ya furta ta. Ya ce wata jami'a ce a ƙasarsu ta aiko shi ya ɗebo kukan tsuntsaye, don haka unguwa ta sa masa Mai Tsuntsaye. Yana zaune a benci yana jiran layi, Kofur yana kan kujera, sai masu jira suka ce Aku ya yi musu Shugaba.

Aku ya yi ɗan tari. "'Yan'uwana." Ƙas-ƙas, tin. "Gwamnati ta lura cewa kan wannan kofur ya fi hularsa girma."

Shago ya kece da dariya. Kofur yana share hawaye ya ce, "Kawu, wallahi in ka yi wannan a ƙofar gidan gwamnati, ƙamewa za mu yi mu sara maka. Ko ni da nake ganinsa kullum ba zan bambance ba."

Mai Tsuntsaye bai yi dariya sosai ba. Murmushi ya yi, yana kallon maƙogwaron Aku.

Da yamma ya gayyace shi sama. Ɗakin babu komai sai gadon ƙarfe da tebur da wani akwati mai faifai biyu da ke juyawa, siririn zare mai ruwan ƙasa yana bi daga wannan zuwa wancan. Ya ce zaren ne ke riƙe magana. Ya juya shi da sauri, sai ga mutanen kwalba suna faɗa. Ya mayar da shi baya, sai ga mai haɗiye kalmomi. Sannan ya nuna masa yadda yake yanke zaren da reza, ya cire abin da ba ya so, ya manne sauran har ba a ganin tabo.

"Ashe kai ma mai aski ne," in ji Aku.

"Kusan haka. Za ka ba ni Shugaba in kai wa mutanenmu? Ba su taɓa jin baiwa irin taka ba."

Aku ya tsaya gaban abin ɗaukar magana na akwatin ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai muryarsa ta kullum. Ya sake gwadawa. Da kunya ta ishe shi ya ce sai dai ya ɗauko almakashinsa.

"Ɗauko," in ji baƙon. "'Yar ƙara ce. Wa zai kula da ita?"

Daga nan ya zama kusan kullum in ya rufe shago sai ya hau. Mai Tsuntsaye ne ke kawo wasan. Yau Shugaba yana faɗa da kukunsa: "Na gaji. Daga yau na sauka." Gobe Shugaba ya zo aski ya tarar da layi: "Na bar wa soja kujerata." Jibi Shugaba ya kama yara suna harbin tsuntsu da danƙo: "Kowa ya ajiye makaminsa. Kada wanda ya yi harbi. Umarni ne." Aku yana yi yana ƙari da nasa, baƙon yana dariya har da buga gwiwa, fayafayan suna ta juyawa. Kuma abin da ya fi yi masa daɗi shi ne a mayar masa ya ji. Bai taɓa jin kansa daga waje ba. Sai ya ga kamar wani mutum ne ya daɗe a cikinsa, yau ya fito ya zauna kan tebur.

Matarsa ce ba ta yarda ba.

"Wane irin mai tsuntsaye ne bai san kurciya ba? Jiya tana kuka a kan taga ya tambaye ni ko mujiya ce."

"Tsuntsayen ƙasarsu daban ne."

"Mutanen da ke zuwa wurinsa fa, masu motar da ba ta da lamba? Ko sallama ba sa yi. Malam, ruwa ba ya tsami banza."

"Ke dai ba kya son ki ga an yaba ni."

"Ni na fara yaba ka, shi ya sa nake nan."

A waɗannan watannin gari ya fara canzawa. Shugaba ya ce ramukan ma'adinai da kamfanonin ƙetare ke haƙa za su dawo hannun ƙasa. Bayan haka sukari ya ɓace a kantuna, sannan kananzir. Wasu jaridu da ba a san mai su ba suka fito suna zaginsa. A shagon Aku masu jira suna ta gardama, shi kuwa ba ruwansa, ya ce shi kan mutane ya sani daga waje.

Wata safiya Mai Tsuntsaye ya sauko da akwatinsa, ya ba matar Aku makulli, ya ce zai bi wasu tsuntsaye masu ƙaura. Da ta hau shara ba ta sami ko tsinke ba, sai ɓarɓashin zaren nan mai ruwan ƙasa a lungu, tuli guda, kamar gashi bayan aski.

Ba a yi mako ba, gari ya waye rediyo na kiɗan soja. A layin nan Aku ne kaɗai ke da rediyo, don haka kafin hantsi shagon ya cika har bakin titi. Ido Uku yana tsaye a ƙofa, gilashinsa a goshi. Aku ya kai rabin kan wani direba, sai kiɗan ya tsaya.

Aka yi ɗan tari.

"'Yan'uwana."

Shiru. Ƙas-ƙas, tin.

Aku ya dubi hannunsa. Almakashin yana nan a buɗe bisa kan direban, bai motsa ba.

"Na gaji," in ji rediyo. "Daga yau na sauka. Na bar wa soja kujerata." Ƙas-ƙas, tin. "Kowa ya ajiye makaminsa. Kada wanda ya yi harbi. Umarni ne."

An cire kukun, an cire yaran da danƙonsu, an cire dariyar. Aikin ya yi tsaf, ba tabo. Almakashin ne kawai bai ciru ba, domin yana manne da wutsiyar kalmomin, kuma mai yankan bai san cewa a wani layi na wani gari akwai waɗanda suka girma da wannan ƙarar a bayan kunnensu ba.

Mutane suka ɓarke da magana. Wani ya ce ƙarar bindiga ce ake ɗanawa a bayansa. Wani ya ce kofin shayinsa ne ke rawa a hannunsa, tsoro ya kama shi. Direban ya ce a ƙarasa masa askin shi dai.

Ido Uku ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Tunda shi ya ce a ajiye, yaron nan zai ajiye. Bai taɓa ƙetare umarni ba. Ba za a zubar da jini ba ke nan, ko Aku?"

Aku ya ɗaga kai zai amsa, sai suka ji harbi daga kan tudu. Bai daɗe ba.

Sai bayan kwanaki labari ya sauko. Masu gadin sun ji jawabin a rediyon ɗakin gadi, suka jingine bindigoginsu, suka buɗe ƙofa. Shugaba yana saman bene, an yanke wayar gidan, bai ma san ya yi magana ba. Waɗanda suka shigo ba su so a bar mai ba da labari ba, suka harbe masu gadin har da Kofur. Shugaba dai ba a sake ganinsa ba, sababbin masu mulki suka ce ya tsallaka iyaka. Wani mai shara a gidan ne ya kawo wa Ido Uku agogon hannun Kofur a ƙunshe cikin tsumma. Gilashin ya tsage, ya tsaya. Ido Uku ya ajiye shi kan teburin aikinsa, bai buɗe bayansa ba.

Aku ne ya yi ta karɓar masu gaisuwa, shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya hana abokinsa zama da yunwa. Yana yin duk wannan da ido da hannu, ba ya magana sai dole. Mutane suka ce ai shi ma ɗa ya rasa.

Almakashin kuwa ya naɗe shi cikin tawul ya tura ƙarƙashin katifa. Ya koma aski da injin hannu da reza. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar injin kamar akuya na tuƙa.

Ranar da matarsa ta ɗaga katifa za ta shanya, ta ga tawul ɗin. Ta same shi a tsakar gida yana wasa reza.

"Na ji, Malam," ta ce a hankali. "Ina bakin ƙofa ranar. Ko kurma ya ji."

"Wasa ne. Wallahi wasa muke yi."

"Na sani."

"Kada ki faɗa wa kowa."

"Wa zan faɗa wa? Ni da na goya yaron nan?" Ta dubi bango. "Ka rage murya. Ido Uku yana ciki."

Ya ɗauki almakashin ya tafi gada da niyyar jefa shi a kogi. Ya tsaya ya daɗe. Ya ga kamar in ya sake shi zai yi ta kaɗawa a ƙarƙashin ruwa, masunta su riƙa ji. Ya dawo da shi gida.

Wata rana da azahar, shago ba kowa, wani mutum mai baƙar kwat ya shigo ya ce a gyara masa gemu. Yana kwance da kumfa a fuska, reza a maƙogwaronsa, ya ce, "Abokinka mai tsuntsaye yana gaishe ka."

Hannun Aku ya tsaya.

"Ci gaba mana. Ya ce kana da baiwa, amma gara ta huta. Ka san baki shi ke yanka wuya. Matarka lafiya? Na gan ta jiya a bakin famfo."

Aku ya gama askin bai yanke shi ko kaɗan ba. Daga baya ya yi ta mamakin hannunsa.

Sababbin masu mulki suna son a tuna cewa ba ƙwace suka yi ba, ba su aka yi. Don haka kullum da yamma, kafin labarai, sai a sake saka jawabin. Aku ya daina kunna rediyo, ya ce batir ya yi tsada. Sai ga Ido Uku a ƙofa, ya rame, gashi ya taru masa.

"Aku, ara mini rediyon nan tunda ba ka ji."

"Me za ka ji a ciki, in ba ƙarya ba?"

"Maganar da yaron ya ji ta ƙarshe. Ina so in riƙa ji."

Ba yadda zai hana. Daga ranar, kullum da yamma, jawabin yana ratso bango. Aku yana zaune a gefen gado, abinci na hucewa a gabansa, yana jin kansa yana sauka daga mulki. Wani lokaci ya ji an ƙara ƙarar rediyon daidai wurin shirun. Matarsa ta leƙa wata rana ta kai abinci, ta dawo fuskarta a sauye. Ta ce ta tarar da shi ya manna kunne a jikin rediyon, ido a rufe, yadda yake yi wa agogon da ke da ciwon da ba a gani.

A nan ne muryar ta fara zuwa da kanta. Da can sai da almakashi, yanzu ba ta neman izini. Aku zai ce wa matarsa ta miƙo masa ruwa, sai Shugaba ya ce a miƙo masa ruwa. Ta saki kofin ya faɗi. Ya rufe ƙofa ya zauna gaban madubin shago yana neman tasa muryar, wadda uwarsa ta sani. Ya sami mai gawayi, ya sami surukarsa, ya sami Kofur yana cewa "Kawu", har ya toshe bakinsa da tawul. Tasa dai bai san inda ya ajiye ta ba. Ko tari ya koyi danne shi, domin tarin ma ba nasa ba ne.

Unguwa ta fara raɗe-raɗi. Wata mai wanki ta rantse ta ji Shugaba yana neman takalminsa a bayan shagunan nan da asuba. Wasu suka ce bai mutu ba, ɓoye shi aka yi a layin. Wasu suka ce ya mutu, shi ya sa ake jin sa.

Ranar da Ido Uku ya sake buɗe shagonsa, da la'asar ya shigo na Aku. Akwai mutum biyu a benci, direban nan da wani tela, suka ce ya wuce gaba. Ya zauna a kujera, gilashinsa a goshi. Matar Aku ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya a ƙofar ciki.

"Ɓarawon murya," in ji Ido Uku, ba tare da dariya ba. "Rage mini wannan dajin."

Aku ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya ɗauko injin.

"A'a. Ba na son wannan, yana cizo. Da almakashi za ka yi mini, kamar kullum."

Aku ya nuna da hannu cewa ya lalace.

"Ya lalace? Ga ni bango ɗaya da kai, ba ka kawo ba? Ni na sa masa ƙusar nan. Daga agogon uwar yaron na cire ta, ka tuna? Babu irinta biyu."

Telan ya ce, "Gaskiya Aku, shagon nan ya yi shiru. Da tun daga kan kwana ake jin ka. Yaya ma yake yi? Ƙas-ƙas..." Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da bakinsa a buɗe, ya dubi direban, direban ya dubi ƙasa.

Wani guntun gashi ne ko ƙura ya shiga maƙogwaron Aku. Ya danne, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa. Abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi ɗan tari guda ɗaya, kuma duk wanda ke shagon ya san abin da ke biyo bayan wannan tarin. Suka yi shiru suna jira, har shi kansa.

Matarsa ta ajiye bokitin a hankali.

Ido Uku bai juyo ba. Ya sa hannu ƙarƙashin ƙyallen ya fito da agogon Kofur, ya ɗora kan kantar madubi, tsakanin burushi da kwanon sabulu. Sannan ya sauko da gilashin daga goshi ya maƙala a ido, ya dubi abokinsa ta cikin madubi.

"Aku, me ya sa ka daina kaɗa almakashin?"

A titi wani mai keke ya wuce yana kaɗa ƙararrawa. Ido Uku ya jira har ƙarar ta ɓace, sannan ya sake tambaya, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Tun wace rana ka daina?"